Tsohuwar waya ko sabuwa: wacce ta fi fitar da hoto mai kyau?

Akwai wata tambaya da take yawan dawo mana, musamman in Sallah ta matso ko lokacin bukukuwa ya kama. Mutum ya tara ƴan jikkunansa ya shiga kasuwa, ko a Maraɗi ne ko Damagaram, Tawa ko Yamai, sai mai shago ya ɗora masa waya biyu kan tebur. Ɗaya sabuwa ce dal cikin kwalinta, an rubuta 50MP da manyan haruffa, a bayanta ido uku ko huɗu. Ɗayar kuma ta hannu ce, ta kwana biyu, idonta ɗaya tak, 12MP, amma a zamaninta ita ce babbar waya. Kuɗinsu kusan ɗaya. To wacce za ta fi fitar da hoto?

Ga mutane da yawa wannan maganar abinci ce. Tela yana tura hoton ɗinki ta WhatsApp, mai atamfa tana son launin zanenta ya fita yadda yake, mai kiwo yana nuna ragonsa ga mai saye da ke nesa, ɗalibi yana ɗaukar hoton takardunsa. In hoto ya lalace, ciniki yakan lalace tare da shi. Amsarmu a taƙaice ita ce, lambar da ke jikin kwali ba ta isa ta raba gardamar ba. Bari mu ga dalili.

Me ake nufi da MP?

MP ɗin nan megapiksel ke nan, kuma ba shi da haɗi da megan intanet da muke saye. Kowane hoto ƙananan ɗigo ne da aka jera, ana kiran kowane ɗigo piksel. Megapiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne. Wato lambar tana faɗin yawan ɗigon ne kawai, ba ta faɗin ko kowane ɗigo ya samu isasshen haske.

A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti da bai kai farcen ɗan yatsa girma ba, shi ne ke kama hasken. Mu ɗauka tsakar gida ce, haske kuma ruwan sama. Za ka iya jera kofunan shayi hamsin a wurin, ko ka jera kwanoni goma sha biyu. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duka za su cika. In kuwa yayyafi ne, kofin shayi ɗan abin da zai tara bai taka kara ya karya ba. Haka abin yake ga kyamara: da rana tsaka kusan kowace waya tana yin ƙoƙari, sai bayan magariba ko cikin ɗaki ake sanin ta ƙwarai. Wannan tsakin-tsakin da kuke gani a hoton dare, kamar an watsa masa yashi, alamar ƙarancin haske ce a kan ɗigon.

Misalin da ya fi fito da maganar shi ne na Samsung. A 2015 kamfanin ya fitar da Galaxy S6 mai megapiksel 16. Da shekara ta zagayo, a 2016, ya fitar da Galaxy S7, sai ya rage lambar zuwa 12. Wanda ya dubi kwali kawai zai ce an ci baya. Amma faɗin kowane ɗigo ya tashi daga maikuron 1.12 zuwa 1.4 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato filin da kowane ɗigo yake tarar haske ya ƙaru da fiye da rabi. An kuma buɗe ƙofar hasken, daga f/1.9 zuwa f/1.7. A nan, in lambar ta yi ƙasa, ƙofar ta fi faɗi ke nan. Sakamakon, S7 ta fi yayarta kyan hoto a duhu nesa ba kusa ba. Apple ma haka: daga iPhone 6s ta 2015 har iPhone 13 ta 2021 babbar kyamararsu tana kan megapiksel 12, alhali hoton yana ƙara kyau shekara bayan shekara.

To 50MP na sababbin wayoyi masu araha fa? Da yawansu suna amfani da faranti irin wanda Samsung ya fitar a 2021 mai suna JN1. Ɗigonsa maikuron 0.64 ne, filin kowanne ya kusa ninki biyar ƙasa da na S7. Shi ya sa wayar take haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya, ta ba ka hoton megapiksel 12.5. Ka ga an zagaya an dawo kusa da inda aka baro. Ƙananan idanun da ke gefe kuwa, sau da yawa megapiksel 2 ne, ɗaya na ɗaukar abu kusa-kusa, ɗaya na taimakawa a dusashe bayan mutum. Yawancin hotunanka babban idon nan guda ɗaya ne ke ɗaukar su.

Inda tsohuwa take gaba

Manyan wayoyin da, irin S7, suna da wata ƴar na'ura a cikin kyamara da ake kira OIS, wadda take motsa gilashin don ta rama rawar hannu. Wayoyi masu araha da yawa har yau ba su da ita. Amfaninta yana fitowa a hoton cikin ɗaki da bidiyo, musamman ga wanda hannunsa ba ya tsayawa cak. S7 tana kuma kama fuska da sauri, ba ta tsaya lalube, kuma tana ɗaukar bidiyon 4K, alhali ƙananan wayoyin yanzu da dama sun tsaya a 1080p.

Inda sabuwa take gaba

Kada kuma mu zalunci sabuwa. Babban canjin da aka samu a shekarun nan yana cikin ƙwaƙwalwar waya. Yanzu in ka danna sau ɗaya, wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a jere, wasu da haske wasu da duhu, ta haɗe su ta fitar da guda. Wannan ne ake kira HDR, kuma a ƙasa mai rana irin tamu yana da amfani sosai: mutum yana zaune cikin inuwar rumfa, bayansa rana tana ƙwallewa, amma fuskar ta fito, sararin ma bai ƙone fari fat ba. Tsofaffin ma suna da HDR, sai dai dabarar ta ci gaba ƙwarai tun lokacin.

Sai tsarin ɗaukar hoton dare, wanda za ku gani an rubuta Nuit ko Night. Ya bazu ne daga 2018, lokacin da Huawei da Google suka fito da nasu, Apple kuma ya bi sahu a 2019 da iPhone 11. Yau har ƙananan wayoyi da dama suna da shi, S7 kuwa ba ta zo da shi ba. Amma yana da sharaɗi: sai ka riƙe wayar cak na ƴan daƙiƙoƙi, abin da kake ɗauka shi ma kada ya motsa. Ginin masallaci da dare zai fito tas. Yaro mai guje-guje ko masu rawa a wurin biki, sai ka ga sun zama kamar hayaƙi.

Akwai kuma maganar fatarmu. Kyamarori da yawa na da, in baƙar fata ta tsaya a wuri mai ƙarancin haske, sai fuskar ta nutse. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya yi suna a Afirka wajen daidaita kyamara da baƙar fata, Google ma ya shigo da irin wannan gyara a Pixel 6 a 2021. Sai dai a lura, wasu wayoyin suna wuce gona da iri, su goge fuska su haskaka ta har mutum ya kasa gane ƙanwarsa. In kun ga haka, ku kashe wurin da aka rubuta Beauté ko Beauty kafin ku yanke hukunci.

Abin da shekaru suke yi wa waya

Duk abin da muka faɗa kan tsohuwar waya, muna nufin wadda take da lafiya. Wayar da ta yi shekaru cikin aljihu tare da makulli, ta sha ƙurar hunturu, gilashin kyamararta yakan karce, hoton ya riƙa fitowa kamar cikin hazo. Wata an taɓa buɗe ta an sa mata kyamarar da ba ta asali ba. Ita kanta OIS tana lalacewa. A 2021 Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin babur, musamman mai ƙarfi, tana iya ɓata ta in ana ɗaure wayar a jikinsa. Ƴan kabu-kabu sai a kiyaye. Ban da haka batir ya tsufa, ga shi S7 ta tsaya a Android 8, an daina aiko mata sabuntawa shekaru da suka wuce.

Gwada kafin ka biya

Gani ya kori ji. Ka roƙi mai shago ya ba ka minti biyar, ka goge idon wayoyin biyu da ƙyalle mai laushi, ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauki abu ɗaya da kowacce. Fara da fuskar mutum a inuwa, bayansa hasken titi. Sannan ka juya lungu mafi duhu a shagon. Ka ɗauki takarda mai ƙananan rubutu, ka buɗe hoton da yatsu biyu ka ga ko gefe-gefen yana karantuwa. Ka sa wani ya kaɗa hannu ka ɗauka, sannan ka yi ɗan bidiyo kana tafiya. In ka ji kyamarar tana ƙara ko hoton yana rawa shi kaɗai, ajiye ta.

Abu na ƙarshe da mutane suke mantawa: kada ka duba kowane hoto a kan wayar da ta ɗauke shi, don fuskar wata wayar tana ƙara wa launi armashi. Tura su duka zuwa waya ta uku ta Bluetooth, ka kalle su a can.

A kuma tuna, WhatsApp yana matse hoto kafin ya tura shi, sai in ka tura shi a matsayin Document; zaɓin HD, wanda aka ƙara a 2023, rage matsin kawai yake yi. Hoton da ya cika fuskar talabijin mai 1080p ɗigo miliyan biyu ne da ƴan kai, wanda za a wanke a ƙaramar takarda mai santimita 10 da 15 shi ma kusan haka yake buƙata. Don haka megapiksel 12 ya ishi kowa har da rara.

Shawararmu ita ce, in aikinka bidiyo ne ko hoton mutane cikin ɗaki, kuma ka samu tsohuwar babbar waya mai lafiya wadda ta ci gwajin nan, ba ka yi asara ba. In kuwa hoton kaya ne da rana, kana son batir mai riƙe wuta da wayar da za ta kai ka wasu shekaru, sabuwar ta fi kwanciyar hankali. Wanda ya taɓa gwada irin waɗannan wayoyi gefe da gefe, ya aiko mana da abin da ya gani, za mu karanta a cikin shiri. Allah ya sa a sayi mai albarka.