Motar Rimot A Kan Duwatsun Dutse: Ilimin Da Ke Hannu Da Wanda Ke Kan Allo

Duk wanda ya san garin Dutse ya san ba a banza aka raɗa masa wannan suna ba. Tun kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da garin hedkwatarta, manyan duwatsun nan da suka kewaye unguwar Garu, inda fadar Mai Martaba Sarki take, su ne abin da baƙo ke fara hangowa. To, a gindin ɗaya daga cikinsu ne, wata ranar Asabar da la'asar, ɗan ƙanwata mai shekara 16 ya koya mini darasin da na ga ya dace in kawo wa masu karatu.

Mahaifinsa ne ya kawo mini ƙararsa. Sakamakon jarrabawar zango ya fito, yaron ya faɗi darasin kimiyyar fiziks, ga shi kuma kullum yana bayan gida yana fama da tarkacen ƙarafa da wayoyi, wai yana haɗa motar rimot da za ta hau dutse. Uban ya ƙudiri aniyar tattara tarkacen ya sayar wa 'yan gwangwan, amma ya ce in fara yi masa faɗa tukuna, tunda ni malamin makaranta ne. Na ce a ba ni yini guda in ga abin da idona, domin Hausawa na cewa gani ya kori ji.

Irin wannan mota ba baƙuwa ba ce a duniya. A Amurka da Turai har manya na harhaɗa ƙananan motocin rimot, galibi masu girman kashi ɗaya cikin 10 na motar gaske, suna gasar hawan duwatsu da su, gasar da ba ruwanta da gudu. A can mutum zai sayi kowane sashe a shago. Shi kuwa wannan yaro, ɗan injin lantarkinsa da na'urar karɓar umarnin rimot kawai ya ciro daga wata matacciyar motar wasa. Sauran duk tsintuwa ce: giyoyi daga tsohuwar firinta, batura daga mataccen batirin kwamfuta, ƙarfen lema, da tayoyin da ya yanko daga robar silifa.

Da muka isa gindin dutsen ya ce da ni, "Kawu, ta farko da na haɗa gudu gare ta kamar me, amma da ta ci karo da ɗan tudu sai ta tsaya tana kuka, injin ya ɗau zafi." Daga nan, in ji shi, ya gane cewa ɗan injin yana da saurin juyi amma ba shi da ƙarfin turi, don haka dole a sayar da gudu a sayi ƙarfi. Ya buɗe akwatin giyar ya nuna mini. Ƙaramar giya mai haƙora 12 tana juya babba mai haƙora 48, wato sai ƙaramar ta zaga sau 4 kafin babbar ta zaga sau ɗaya. A jikin sandar babbar akwai wata mai haƙora 10 da ke juya mai 40, wani ragin na 4 ke nan, jimla 16. A kan aksil kuma ya ƙara ragin 3. Ya lissafa da ka, ya ce sai injin ya juya sau 48 kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma ƙarfin da ke isa ga tayar ya ninku kusan haka, in ban da abin da gogayyar haƙora ta cinye.

Na ɗauki biro na gwada lissafin. Idan aka ƙaddara injin na juyawa sau 9,600 a minti, taya za ta juya sau 200. Tayar da faɗinta ya kai santimita 10 kuwa, a wannan juyi, ba za ta kai kilomita 4 a awa ba, wato tafiyar dattijo mai zuwa masallaci. Wannan shi ne sirrin da ya sa direban tifa ke sa lamba ɗaya idan zai fito daga ramin yashi da kaya.

Matsala ta biyu ta fi wannan wahalar da shi. A motar gaske akwai wani akwatin giyoyi a tsakiyar aksil da ke ba tayar waje damar yin sauri fiye da ta ciki idan za a sha kwana. Amfaninsa a kan kwalta a fili yake, amma a kan dutse illa ne, domin da zarar taya ɗaya ta ɗaga sama, sai juyin duka ya tafi gare ta, ta yi ta walwala a iska, wadda ke ƙasa kuma ta tsaya cik. Wani bakanike mai gareji a kan hanyar Kiyawa ne ya warware masa. Ya ce, "Yaro, ɗaure ƙafafun su zama tsintsiya ɗaya." Sai ya haɗe tayoyin kowane aksil a kan sanda guda, ya kuma ja farfela biyu daga akwatin giya, ɗaya gaba ɗaya baya, ta yadda ƙafa huɗun duka ke ja. Da yake aksil na hawa da sauka a kan dutse, sai ya yi kowace farfela da bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, masu kusurwa huɗu, don ta riƙa miƙewa da tsukewa ba tare da ta daina juyi ba. Batura kuma ya sauko da su ƙasa ta gaba, saboda a cewarsa, mota mai nauyin kai da baya take faɗuwa.

Ya ajiye ta a gindin wani falalen dutse, ta kama hawa a hankali, taya ɗaya a sama uku a ƙasa, har ta ƙure. Lallai sannu ba ta hana zuwa.

Mai karatu, abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya. Da muka koma gida na buɗe littafinsa na makaranta, na nuna masa babin na'urori masu sauƙi, inda aka yi bayanin giya da Ingilishi. Ya karanta, ya ce bai gane ba. Na fassara masa sakin layi guda da Hausa, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai wannan shi ne na nuna maka ɗazu." Ashe tambayar da ya faɗi a takarda ita ce wadda ya amsa da hannunsa a kan dutse. A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, ban ga gazawar ƙwaƙwalwa a nan ba. Abin da na gani shi ne ilimi iri ɗaya a ɗakuna biyu da babu ƙofa tsakaninsu. A gareji ana cewa giya, aksil, farfela, boris da kaca, kalmomin da kanikawanmu suka daɗe da mayarwa 'yan gida. A aji kuwa ana haddace ma'anoni da harshen da yaro bai gama mallaka ba, ba tare da an taɓa ɗora masa giya a tafin hannu ba.

Wannan ciwo tsoho ne. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare. A makarantar da na yi, injinan da aka kawo dominsa a cikin akwatunansu muka same su, a ciki kuma muka bar su, saboda babu wuta, babu mai koyarwa. Alhali tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin nan na Ile-Ife, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci har shekara 6, sakamakon kuma ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba.

Ko shakka babu, basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007. A wannan shekarar ce kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci a Kano. Na farkon ya sami makarantar da ta goge shi a birnin Ditiroit. Tambayar ita ce, nawa ne irinsu a Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu da tarkacensu ya ƙare a buhun 'yan gwangwan?

Shawarata ba ta bukatar biliyoyi. Da farko, malaman kimiyya a sakandare su saki jiki su yi bayani da Hausa kafin su ba da kalmar Ingilishi, su kuma shigo aji da tsohuwar giyar babur. Na biyu, Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, su duba yiwuwar shirya gasar shekara-shekara ta hawan dutse da motocin da ɗalibai suka haɗa da kansu, tunda filin gasar Allah Ya riga Ya shimfiɗa mana shi kyauta. Na uku ya hau kanmu, mu masana harshe: mu bar ofis mu shiga gareji, mu tattara kalmomin kanikawa mu rubuta su, maimakon mu zauna muna ƙirƙiro waɗanda ba mai amfani da su.

Amma fa ban gaya wa yaron cewa jarrabawa ba ta da muhimmanci ba, domin ba a zama injiniya ba tare da ita ba. Mun yi yarjejeniya da mahaifinsa: tarkace zai zauna, shi kuma duk abin da ya haɗa zai rubuta lissafinsa a littafi, da Hausa a shafin dama, da Ingilishi a na hagu. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba mu ikon gane baiwarsu tun tana ɗanya, amin.