Harshe da Zurfin Tunani Wajen Ɗalibin Shari'a: Misali daga Kudancin Kaduna

Mutane da yawa sun ɗauka cewa karatun shari'a hadda ce, watau wanda ya fi riƙe sassan doka a ka shi ne gwani. Hadda tana da amfaninta, amma ba ta raba gardama a gaban alƙali. Abin da ke raba ta shi ne iya tantance magana, da gane dalilin hukunci, da sanin wace doka ce ta hau kan wace matsala.

Unguwannin da ke ƙetaren Kogin Kaduna, kamar Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha, sun isa misali. Tun da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957 ma'aikata suka riƙa kwararowa daga ko'ina, Musulmi da Kirista, kowa da al'adarsa ta aure da gado. Bayan rikicin shekarar 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta sake fasalin kotuna a 2001, aka sami kotunan shari'ar Musulunci da na al'ada, ga kuma na majistare. Saboda haka kafin ɗalibi ya ce ga mai gaskiya, sai ya fara sanin gaban wa za a je, da kuma ma'aunin da za a auna maganar da shi.

A ɗauka wani tsohon ma'aikacin masaƙa ya bar wa maƙwabcinsa fili ya koma garinsu, bayan shekara ashirin 'ya'yansa suka zo nema. Maƙwabcin ya ce, "Ai ba ni ya yi." Wannan 'yar kalma "ba" tana iya ɗaukar kyauta, ko aro, ko jingina, ko amana, kuma kowanne hukuncinsa daban. Mai jingina yakan ci amfanin fili har ran da aka mayar masa da kuɗinsa. Mai aro kuwa ba shi da abin riƙewa in an ce ya tashi. Idan tafinta ya juya maganar da kalmar Ingilishi guda, aka rubuta ta haka, to an binne bambancin tun ba a fara shari'a ba. Ɗalibi mai lura zai bi diddigi: an karɓi kuɗi? An yanka wa'adi? Su wa suka halarta? Abin takaici ne a ce ana koyar da doka da Ingilishi zalla, alhali yawancin masu ƙara da shaidu ba da shi suke faɗin damuwarsu ba.

Malaman Malikiyya sun daɗe da wannan horo. Ibn Asim na Garnaɗa, mai littafin Tuhfa wanda alƙalan Arewa suka dogara da shi, ya nuna cewa aikin alƙali na farko shi ne rarrabe mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa. Ba lalle wanda ya riga zuwa kotu ya zama mai da'awa ba. Mai da'awa shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko abin da aka saba. A misalin nan, maƙwabcin da ya amsa cewa filin na mamacin ne tun farko, sa'an nan ya ce kyauta aka yi masa, shi nauyin kawo shaidu zai koma wa, ko da yake shi aka yi ƙara.

Haka nan ƙiyasi, mai rukunai huɗu: asali, reshe, illa da hukunci. Wahalar duka tana wajen gano illa. Dokar Ingila ma da irin wannan tunani take tafiya. A shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wata mata a Sikotilan ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon-koɗi cikin kwalbar lemon citta. Wanda ya riƙe dodon-koɗin kawai bai koyi kome ba, domin illar ita ce haƙƙin da ke kan mai sarrafa kaya na kula da lafiyar wanda kayan zai isa hannunsa ba tare da wani ya sake dubawa ba. Da wannan illa ce wata kotu a Legas ta ɗora wa kamfanin biskit alhaki a 1973, bayan da wata mata ta ci karo da ruɓaɓɓen haƙori a cikin biskit ɗin da ta saya.