Takin Birni, Abincin Gonakin Kano

A gonakin Ungogo da Minjibir da Gezawa ƙasa ba ta samun hutu. Kowace damina sai an shuka gero da dawa da wake, amma taki ya hana ta gajiya. A da can, tun kaka da kakanni, jakai ne ke kai itace birnin Kano, su komo da toka da takin bola, kamar yadda masani Michael Mortimore ya nazarta a shekarun 1960. Yau leda ta cika bola, tana gurɓata takin. Shugabanci amana ne: ya wajaba hukumar REMASAB da masu unguwanni su tsara ware leda tun daga gidajenmu, mu kuma mu ba su haɗin kai. Idan muka bar taki ya lalace, rumbunan 'ya'yanmu ne za su bushe.