Fitsari Yana Mantuwa, Takardar Kotu Ba Ta Yi

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sojoji, 'yan sanda ko jami'an shige da fice a Ghana, samarin unguwannin Maamobi da Nima na Accra kan yi tururuwa wajen cike fom. Wasunsu daga ranar suke dukufa shan ruwa, wai su wanke jini kafin gwajin asibiti. Ba nan gizo ke saƙar ba. Tramadol kan bar fitsari cikin 'yan kwanaki. Wiwi, ga wanda ya daɗe yana busawa, kan kai wata guda. Wanda ya daina tun bara, gwaji ba shi da abin faɗa a kansa.

Abin da ke kayar da mutum shi ne sharaɗin cewa kotu ba ta taɓa samunsa da laifi ba, wanda ake tantancewa da zanen yatsu a hedikwatar CID ta Accra. A ƙarƙashin dokar PNDC ta 236, ta shekarar 1990, shan wiwi kawai kan jawo ɗaurin aƙalla shekara 5. Doka ta 1019, ta 2020, wadda ta mayar da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi daga NACOB zuwa NACOC, ta sauya wannan da tarar sidi 2,400 zuwa 6,000. Sauƙi ne, amma tara ma hukunci ce, kuma suna yana shiga kundi. Su wa ake kamawa? Yaron da ke zuƙa a bakin kwata a Maamobi, inda samame ba baƙo ba ne. Takwaransa da ke yi a bayan katangar gidan ubansa a East Legon, unguwar masu hali, zai je da takarda fes.

Amurka ta bi wata hanya. Mai neman izinin ganin sirrin gwamnati yana cike fom SF-86, wanda ke tambayar ko ya sha ƙwaya cikin shekara 7 da suka wuce. Amsa "e" ba ta rufe ƙofa: ana duba yaushe, sau nawa, kuma ko ya rabu da abokan shan. Ƙarya ce ba sa yafewa, domin mai ɓoye abu shi maƙiyi ke iya juyawa da barazanar tonon silili. Hukuncin ƙaryar na iya kai ɗaurin shekara 5.

Hukumomin tsaron Ghana na iya aron wannan awo, su raba dillali da wanda aka ci tara kan ƙulli ɗaya yana ɗan shekara 19, su kuma ƙayyade shekarun da bayansu irin wannan hukunci zai daina hana shi kaki.