FETUR MAI ITANOL DA INJIN JIRGINKA: YADDA ZA KA TSARE SHI

Manomi, wannan takarda taka ce idan kana da injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai wuri ɗaya kafin a zuba. Irin wannan inji shi ake maƙala wa a bayan kwale-kwale don ƙetare kogi, ko ɗauko amfanin gona, ko zuwa su. Za ka gan shi da yawa a tafkin Shiroro, inda aka datse Kogin Kaduna, da kuma Kainji da Yawuri. Manoman bakin kogi a nan Kaduna, daga Rafin Guza da Malali zuwa Unguwar Rimi da Kabala, su ma maganar ta shafe su. Ko ba ka da jirgi, injin feshi mai mota da ake goyawa, da zarto mai inji, da ƙaramin janareta na gida, duk ’yan gida ɗaya ne da injin jirgi. Abin da zai kashe wannan shi zai kashe wancan.

Ana ta cewa fetur mai itanol yana buga inji. To, da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Karanta ka ji inda haɗarin yake.

MENE NE ITANOL?

Itanol wani ruwa ne fari kamar sifirit, mai kama wuta. Dangin barasa ne. Ana yin sa daga abin da kai kanka kake nomawa: rake, rogo, masara ko dawa. A kan gauraya shi da fetur don a rage yawan man da ake haƙowa daga ƙasa.

Idan ka ji an ce E10, ana nufin cikin lita 10 na mai, lita 1 itanol ce, 9 fetur. Ƙasar Birazil ta fara wannan shiri gadan-gadan tun 1975 da rakenta, har a 2025 ta kai gaurin zuwa kashi 30 cikin 100, amma injunan can don haka aka ƙera su. A Amurka yawancin man gidajen mai E10 ne. A nan Nijeriya, gwamnatin tarayya ta fito da tsarinta na irin wannan mai a 2007, da nufin a riƙa gauraya kashi 10 cikin 100.

Mun kuma taɓa ganin ɓarnar gaurin da ya wuce ƙima. A 2008 an shigo da fetur mai itanol da yawa, ya lalata motoci a Legas. A watan Fabrairu na 2022 aka shigo da wani daga Beljiyam mai ɗauke da mitanol fiye da ƙa’ida, har janye shi ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. Mitanol ɗan’uwan itanol ne, amma ya fi shi mugunta: guba ne, kuma ya fi cin roba da ƙarfe.

Ido ba ya rarrabe waɗannan, hanci ma haka. Ɗan bumburutun da ya sayar maka da galan a bakin titi, shi ma abin da aka zuba masa ya zuba maka.

NAWA INJI ZAI IYA ƊAUKA?

Manyan kamfanonin injin jirgi, irin su Yamaha da Mercury, sun yarda a yi aiki da fetur mai itanol har kashi 10 cikin 100. Daga nan ba ƙari. A Amurka, inda ake sayar da mai kashi 15, doka ta hana zuba shi a injin jirgi da babur da ƙananan injuna.

Wato ke nan sabon E10 mai tsabta, wanda aka haɗa masa baƙin mai daidai, ba zai buga maka inji ba. Abin da za ka lura kawai shi ne ya fi saurin ƙarewa kaɗan, wajen kashi 3 cikin 100, domin itanol bai kai fetur ƙarfi ba. Babban abokin gabarka shi ne RUWA, sai kuma daɗewar mai a ajiye.

YADDA RUWA KE YIN ƁARNA

Da farko ka san yadda injinka yake. Injin mota, da yawancin injunan ban-ruwa na lambu, suna da wurin zuba baƙin mai daban, har da sandar dubawa. Injin jirgin da ake haɗa wa mai ba shi da wannan. Baƙin man da ka zuba cikin fetur shi kaɗai ke shafe fistin da sauran ƙarafan ciki. In ya yanke, ƙarfe ne zai ci ƙarfe.

Tsurar fetur ba ya haɗuwa da ruwa. Amma itanol yana son ruwa kamar yadda gishiri ke jan laima da damina. Yana tsotsarsa daga iska, da raɓar da ke taruwa a jikin tanki, da feshin kogi da ke shiga ta murfi. Muddin ruwan kaɗan ne, man yana riƙe shi, inji ya ƙone shi ba matsala. Amma riƙon yana da iyaka, wajen rabin kashi 1 cikin 100. A jarka mai lita 25, ruwan da bai cika ƙaramin gwangwanin madara ba ya isa ya kai wannan iyaka.

Da an wuce nan, sai man ya rabu biyu. Itanol ya rabu da fetur, ya bi ruwa, su kwanta a ƙasan tanki. Ɗan ruwan nan da ka raina zai janyo itanol har kwantaccen ya kai wajen lita 2. Baƙin man kuwa fetur yake bi, yana can sama. Sanyin dare yana gaggauta wannan rabuwa, domin mai mai sanyi bai kai mai ɗumi riƙon ruwa ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Bututun da ke jan mai daga ƙasan tanki yake zuƙa. In ruwan ya yi yawa, injin zai ƙi tashi, ko ya mutu maka a tsakiyar kogi. In kuwa itanol ya fi yawa a cikin kwantaccen, injin zai iya ci gaba da aiki na ɗan lokaci ba tare da ko ɗigon baƙin mai ba. Sai ya yi zafi, fistin ya cije, inji ya buga. Kuɗin gyara zai iya cinye ribar lambun shekara.

Sauran illolin itanol su ne:

1. Yana busar da tsohon tiyo da robobin kabureta, su tsattsage ko su yi laushi, mai ya riƙa yoyo. Yoyon fetur cikin jirgin katako gobara ce.
2. Yana wanke tsohuwar dauɗa da tsatsar cikin tanki, ya tura su cikin kabureta su toshe ta.
3. Ruwan da ya jawo yana sa tsatsa a tankin ƙarfe, yana kuma cin jikin kabureta.
4. In ya wuce ƙima, yakan sa inji ya yi zafi fiye da yadda ya saba.

LOKACIN DA HAƊARI YA FI YAWA

A Kaduna iska tana da laima daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, musamman Agusta da Satumba. A daidai lokacin ne kogi ke cika, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, mutuwar inji ta zama haɗarin rai. A lokacin ne kuma mai lambu ke jingine injunan rani ya koma gonar tudu. Man da ka bari a tanki tun watan Afrilu, kada ka yi zaton shi za ka tarar a Nuwamba. Da hunturu iska a bushe take, amma sanyin asuba yana nan, saboda haka kada ka saki jiki.

GWADA MAI DA KWALBA

Wannan gwaji ba ya cin kuɗi. Nemi siririyar farar kwalba mai murfi, da sirinji mai ɗaukar mililita 20 daga kantin magani. Yi gwajin a waje, nesa da wuta da taba, kuma kafin ka haɗa baƙin mai.

1. Zuba ruwa cikin sirinji ɗaya a kwalbar, ka yi alama daidai inda ya tsaya. Wannan ita ce alamar sama.
2. Zubar da shi. Zuba ruwa rabin sirinji, ka yi wata alama. Wannan ita ce ta ƙasa. Bar ruwan a ciki.
3. Ƙara fetur cikin sirinji biyar.
4. Rufe, ka girgiza sosai, ka ajiye minti 10.
5. Duba inda ruwa ya rabu da fetur.

In ruwan yana nan a alamar ƙasa, babu itanol. In ya hau ya kusa alamar sama, akwai wajen kashi 10, kana iya aiki da shi da kula. In ya wuce alamar sama, kada ka zuba wannan mai a injinka. Gwajin yana nuna yawan gaurin ne kawai, ba ya rarrabe itanol da mitanol. Don haka in an shiga lokacin da ake kukan gurɓataccen mai a gari, ko kaɗan ruwan ya hau, ka ƙaurace masa.

Man da ya kwana biyu a ajiye kuwa, tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba, ka ɗaga ta a rana. Mai kyau garau yake. In ya yi hazo-hazo, ko ka ga hawa biyu, ya lalace.

HAƊA MAI DAIDAI

Itanol ba ya canja awon baƙin mai. Bi abin da littafin injinka ya ce. Injunan jirgi da yawa suna son kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur:

Fetur lita 1, baƙin mai mililita 20 (sirinji ɗaya)
Fetur lita 5, baƙin mai mililita 100
Fetur lita 10, baƙin mai mililita 200
Fetur lita 25, baƙin mai rabin lita

Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistin, a kan ninka masa baƙin mai a awowin farko. Tambayi mai gyaranka.

Injin jirgi ruwan kogi ke sanyaya shi, baƙin mansa na musamman ne, za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin gwangwanin. Injin feshi da zarto da janareta iska ke sanyaya su, nasu shi ne wanda ake kira 2T. Kada ka zuba baƙin man mota, balle wanda aka juye daga wani inji. Araha ba ta ado.

Wajen haɗawa, zuba rabin fetur a jarka mai tsabta, sa baƙin mai, rufe ka girgiza, sannan ka cika. Sake girgizawa duk lokacin da za ka zuba a tanki.

ABUBUWAN DA ZA KA KIYAYE

1. Sayi mai a gidan man da ciniki ke gudu, inda mai ba ya daɗewa.
2. Sayi iya abin da za ka ƙarar cikin mako biyu zuwa huɗu. Haɗa na kwana ɗaya ko biyu kawai.
3. Jarkar mai ta zama ta mai kaɗai. Kada yau ruwa gobe fetur. Murfinta ya rufu gam, a ajiye ta a inuwa, bisa katako, nesa da murhu da ɗakin kwana.
4. Zuba mai da mazurari mai rariya. Kada ka buɗe tanki ana ruwa.
5. Ɗan noti na shan iska da ke kan murfin tankin jirgi, buɗe shi in za ka tashi, rufe shi in ka gama. Ta nan laima ke shiga.
6. Kada tanki ya zauna cikin ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi. Ɗora shi bisa katako, ka kwashe ruwan.
7. Taɓa tiyo da robar famfo ta hannu kowane mako. In sun ƙandare, ko sun tsage, ko suna manne wa hannu, sake su.
8. In za ka ajiye inji fiye da wata ɗaya, juye tanki ƙaf, ka kwance notin ƙasan kabureta man ciki ya tsiyaye.

IN MAI YA RIGA YA RABU

Girgiza ba ta gyara shi. Ƙara sifirit ko sabon mai a kai ma ba dabara ba ce. Kada kuma ka tace na sama ka ce ka tsira da shi, domin itanol ɗin da ya fita ya tafi da wani ɓangare na ingancinsa, zai sa inji ƙwanƙwasa. Juye duka, shanya tanki ya bushe, a wanke kabureta da matata, a duba fulogi.

Lalataccen mai kada a zubar da shi a kogi ko a gona, yana kashe kifi, yana ɓata ruwan ban-ruwa. Kada a hura wuta da shi, kada a sa a fitila ko risho. Rufe shi a jarka mai alama, inda yara ba sa kaiwa, ka kai wa makanike.

IN KANA KAN RUWA

In ka ji inji yana tari, yana rage ƙarfi, ko ƙararsa ta canja, kada ka ƙara wuta. Rage gudu, nufi gaɓa mafi kusa, ka kashe shi. Kada ka tashi ba filafili da gora a jirgi, ko da injin sabo ne. Sa rigar kariya, ka sa wa wanda ka ɗauka. Kada ka cika lodi, kada ka yi tafiyar dare. Buhun masara in ya nutse a sake nomawa, rai kuwa ba a sake shi.

KA TUNA

Sabon mai, busasshiyar jarka, baƙin mai daidai awo. Gwada kafin ka zuba, juye kafin ka ajiye. Rigakafi ya fi magani.

In ka karanta, karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba. Don ƙarin bayani, sai ka ga malamin gona na yankinku, ko amintaccen mai gyaran inji.