Gatarin kurege: Furen damina mai kyan ɗan maciji

Idan damina ta kankama a karkarar kudancin Nijar, irin su Matamaye a jihar Damagaram, wani tsiro kan leƙo a saura da gefen gonaki. Furensa ruwan ɗorawa ne, yana komawa ja idan ya kwana biyu. Hausawa na kiransa gatarin kurege, masana kuma Gloriosa superba.

Saiwarsa, mai lanƙwasa kamar gatari, takan kwanta cikin rairayi duk tsawon rani, sai ruwa ya sauka ta toho. Bakin ganyensa kamar ƙugiya yake, da shi yake kama ciyawa da ƙananan itatuwa ya hau.

Sai dai kyan ɗan maciji ne. Duk jikinsa na ɗauke da gubar kolcisin, musamman saiwa da iri. A Indiya ana nomansa don haɗa maganin ciwon gaɓoɓi, Zimbabuwe kuma ta maishe shi furen ƙasa. Amma a Siri Lanka an sha rasa rayuka bayan an ci saiwar bisa zaton doya ce.

Shi ya sa ya kamata yara masu kiwo da tonon saiwoyi su san kamanninsa.