"Charade": Fim Ɗin Da Kuskure Guda Ya Mai Da Shi Na Kowa

A cikin watan Disamba na shekarar 1963 ne kamfanin Universal na ƙasar Amurka ya fito da wani fim mai suna "Charade", wanda Stanley Donen ya ba da umarnin shirya shi. Shekaru fiye da 60 ke nan, manyan 'yan wasan biyu duk sun riga mu gidan gaskiya, Cary Grant a 1986, Audrey Hepburn kuma a 1993, amma har yanzu fim ɗin bai bar kasuwar finafinan kallo a gida ba.

Labarin dai na wata mata ce, Regina Lampert, mai aikin tafinta a birnin Paris. Ta dawo daga hutu ta tarar da gidanta wayam, ko kujera babu, sa'an nan 'yan sanda suka shaida mata cewa an jefo mijinta daga jirgin ƙasa, ya mutu. Daga baya ta ji cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mijin da abokansa huɗu sun binne zinariya ta dala 250,000 wadda aka aike su su kai wa 'yan gwagwarmayar Faransa, shi kuma ya zagayo ya kwashe shi kaɗai. To, ga uku daga cikin abokan sun biyo sawu, kowa na ganin dukiyar tana hannunta, alhali ita ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Mutumin da ya tsaya mata, wanda Cary Grant ya fito a matsayinsa, shi ne ƙashin bayan labarin. Da suna huɗu ya bayyana kafin fim ya ƙare, kuma duk lokacin da ta fara sakin jiki da shi sai ta gano wata sabuwar ƙarya. Wato abin da ke riƙe mai kallo ya wuce neman wanda ke kashe mutane. Tambayar ita ce ko mace za ta iya ba da amanar ranta ga wanda ba ta ma san sunansa ba. Da yake Grant ya girmi Hepburn da shekara 25, an gyara labarin yadda ita ce za ta riƙa nuna tana sonsa, shi kuwa yana noƙewa, abin da ya ƙara wa wasan armashi da ban dariya.

Wani dalilin kuma shi ne fim ɗin ya fi daɗi a kallo na biyu. Dukiyar da ake ta kashe juna a kanta tana gaban idon kowa tun farkon labari, cikin 'yan tarkacen da mamacin ya bari a jakarsa. A gidan sinima ba dama mutum ya ce a tsaya, amma tun da kamfanin JVC ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976, mai kallo ya sami ikon mai da fim baya don ya ga inda aka yi masa wayo.

Sai dai babban abin da ya watsa shi a kasuwa kuskure ne. Dokar Amurka ta wancan zamani ta tilasta a rubuta sanarwar haƙƙin mallaka a jikin fim, da kalmar ko alamarta. Universal ya sa sunansa da shekarar, amma ya bar kalmar da alamar duka. Saboda haka aka ɗauki fim ɗin a matsayin dukiyar jama'a a Amurka, kowane ƙaramin kamfani na iya kwafa ya sayar, ko da yake kiɗan da Henry Mancini ya tsara yana da nasa haƙƙin dabam. Sai a 1989 ne Amurka ta janye wannan sharaɗi ga sababbin ayyuka, amma ga "Charade" bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wannan ya zama riba da hasara ga masu saye. An sami fim ɗin da araha a ko'ina, amma da yawa daga kwafe-kwafen sun fito da launi a koɗe, sauti a dushe, wasu kuma an datse gefen hoton don ya cika akwatin talabijin. Arha dai ba ta ado. A 2010 kamfanin Criterion ya fito da shi a faifan Blu-ray bayan an tace hoton, a 2022 kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ake adanawa don tarihi.

Saboda haka duk mai son saye ya duba sunan kamfanin da ya buga faifan, ya kuma duba tsawonsa, wanda ya kamata ya kai minti 113. Ma'aikacin da takardu ke bi ta hannunsa kuwa, ya tuna cewa kalma ɗaya da ba a rubuta ba ita ta raba babban kamfani da ikon mallakar fim ɗinsa.